Kututture Mai Rai: Nazarin Lamarin Ɗalibin Mastar da Ya Zaci Aikinsa Ya Mutu

A ƙarshen watan Nuwamba, lokacin da abokan karatunsa suka fara kai wa malamai babin farko na kundinsu, wani ɗalibin shekara ta biyu ta mastar a fannin noma a Maraɗi ya kashe wayarsa, ya daina zuwa jami'a. Sati shida malamin da ke duba aikinsa bai sa shi a ido ba. Ba za a faɗi sunansa a nan ba, ko na malamin, ko na ƙauyukan da aka yi gwajin. Abin da ya sa lamarinsa ya isa a zauna a kansa shi ne, da aka zo aka ƙirga, aikin da yake makoki a kansa yana nan da rai fiye da rabi, kuma hanyar da aka bi aka gane haka an aro ta ne daga wani tunani da aka haifa a wannan jiha tamu, a gefen wata hanyar rairayi, a 1983.

Aikin da aka tsara, da abin da damina ta yi masa

Kundin nasa, wanda ɗalibai ke kira memuwar, a kan gero ne da ɗan takin zamani da ake sawa gurbi-gurbi. Dabarar sananniya ce a Nijar: giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane gurbi, kimanin cikin marfin kwalbar lemo. In an yi shuka mita ɗaya tsakanin gurbi da gurbi, hekta tana ɗaukar gurbi 10,000, wato kilo 60 na taki ke nan. Ya tsara salo huɗu: fili babu taki, fili da takin dabbobi kaɗai, fili da takin zamani kaɗai, da fili da aka haɗa biyun. Kowane salo an maimaita shi sau huɗu, wato rukuni huɗu masu salo huɗu-huɗu, a ƙauyuka uku, jimilla filaye 48. Kowane fili mita 6 ne a kan 6, gurbi 36, amma layin gefe ba ya shiga awo, gurbi 16 na tsakiya kaɗai ake girbewa a auna, a ninka nauyin da 625 a samu kilo a hekta.

Tsarin gwajin ba shi da aibi. Inda aka yi lodi fiye da kima shi ne a manufofi. Biyar ya rubuta: yawan amfani, canjin ƙarfin ƙasa, ɓarnar tsutsar murzuna a zangarniya, lissafin riba, da ra'ayin manoma 120. Kowace ɗaya daga cikin biyar ɗin ta isa memuwar guda. Ɗalibin da ke da wata shida, babur na haya, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ba zai iya ɗaukar su duka ba ko da damina ta yi kyau. Wannan kuskure ne da ya kamata a kama tun ranar da aka karanta takardar tsarin aikin, kuma laifinsa bai tsaya kan ɗalibi shi kaɗai ba.

A ƙauye na farko an yi shuka da ruwan da bai kai ba. Masu sa ido kan yanayi suna son ruwan shuka ya kai milimita 20, wannan kuwa bai yi kusa ba, sannan ruwa ya ɗauke kusan sati uku. Ƴan ƙodagon da suka taya shi sun zuba takin zamanin a rami ɗaya da iri, suna taɓa juna. Takin zamani gishiri ne. In danshi ya yi kaɗan, sai ya janye ruwan da ƙwayar iri ke buƙata, ya ƙone tsiron tun bai leƙo ba. A filayen da aka sa shi, gurbin da ya fito bai kai rabi ba. Mai gonar, da yake ba zai zuba ido gona ta zauna fili ba, ya yi ta sake shuka a ranaku daban-daban, har ya zama gero ba sa'an juna ba ne, ba yadda za a gwada amfaninsu. A ƙauye na biyu komai ya tafi daidai har gero ya nuna, sai dabbobi suka faɗa cikin dare suka cinye rukuni biyu cikin huɗu. Ƙauye na uku ne kaɗai ya kai girbi lafiya. Ga kuma leda 96 ta ƙasa da ya ɗebo, zurfi biyu daga kowane fili, jibge a ƙarƙashin gadonsa babu kuɗin awo. Manoman da ya samu zantawa da su 74 ne.

Yadda ya karanta abin

Lissafin da ya yi a ransa gajere ne: ƙauye biyu cikin uku sun lalace, saboda haka aikin ya mutu, shekara biyu sun tafi a banza. Shi ne babba a gidansu, shi ne na farko da ya kai jami'a, kuma mahaifinsa ya sayar da raguna biyu don kuɗin zirga-zirgar gwajin. Duk sanda waya ta yi ƙara gabansa sai ya faɗi, ko Dokta malaminsa ne, ko gida ne ana tambayar ranar kare kundi.

Da dare yana fada har ƙarfe biyu ko uku, ana dafa shayi na fari, na biyu, na uku, a sake ɗora wani. In ya koma ɗaki sai ya buɗe kwamfuta ya zauna yana kallon shafin gabatarwa, ya rubuta layi uku ya goge. Bayan sallar asuba barci ya kwashe shi har hantsi ya wuce, ya tashi da ciwon kai da haushin kansa. Abinci sau ɗaya a wuni. Wani abokinsa ya miƙa masa tramol, wai zai ba shi ƙarfin zama. Ya sha sau biyu ya bari. Shawarar da ya yanke a ɓoye ita ce ya watsar da komai, ya nemi sabon jigo, ya jira wata damina. Ya ma fara rubuta sabon tsarin aiki, mai manufofi shida.

A kula da wannan: duk tsawon sati shidan nan bai buɗe littafin awonsa ba ko sau ɗaya. Yana jin tsoron abin da ke ciki, sai ya yanke masa hukunci daga nesa.

Abin da aka gani a gefen hanya a 1983

Wanda ya je ya same shi a ɗaki wani dattijon ma'aikacin gona ne da ya taya shi auna filayen, mutumin da ya yi shekaru yana koya wa manoma sassaben zamani, wato renon tohon itatuwa a gona. Bai yi masa faɗa ba. Ya ce, “Ɗana, kai da ka karanci noma, ka taɓa ganin manomi ya bar gona don rabin shuka ta mace? Ɗauko littahin nan mu ga abin da ya saura.” Ɗalibin ya ce, “Baba, babu abin da ya saura.” Dattijon ya ce shi ma baturen nan haka ya zata.

Baturen da yake nufi shi ne Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya, wanda ya zo Nijar a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, ya zauna Maraɗi. Aikinsa dashen itatuwa ne: a rene su a leda, a ɗora a mota, a kai ƙauyuka. Sama da shekara biyu yana wannan, mafi yawan dashen suna mutuwa. Rana ta ƙone wasu, iska mai yashi ta binne wasu, awaki da gara suka gama da sauran, manoma kuma ba su damu ba, don ba su suka nema ba. Shi da kansa ya sha faɗin cewa ya kai gab da fid da rai. Wata rana a 1983, yana jan tirela cike da dashe, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa rairayi. Ya ce a nan ya roƙi Allah Ya buɗe masa ido. Sai hankalinsa ya kai kan wani ɗan kurmi a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbai bai kula ba. Da ya matsa ya duba ganyen, ya gane toho ne daga kututturen itacen da aka sare. Saiwar tana nan a ƙasa, mai zurfi, mai rai, kowace shekara tana turo toho, kowace shekara ana sassabe shi a ƙone kafin shuka. Abin da ya kira dajin ƙarƙashin ƙasa ke nan. Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

Dabarar da ta biyo baya ba ta buƙatar leda ko mota. Manomi ya zaga gonarsa ya zaɓi kututturen da yake so, kalgo ne, sabara ce, geza, magarya, aduwa ko gawo. A kowane kututture ya bar toho mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan gefe zuwa rabin tsawonsu, da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Ya tsare su daga dabba da wuta. Bayan wata biyu zuwa shida ya dawo ya sake cire sabon tohon da ya fito. Da yake saiwar ta riga ta kai ga danshi, girman da irin wannan itace ke yi a shekara ɗaya dashe ba ya kama ƙafarsa.

Abin bai karɓu nan take ba. An yi wa manoman farko dariya, an sace musu itatuwa cikin dare, shi kansa an kira shi mahaukacin bature. A yunwar 1984 aka haɗa dabarar da rabon abinci a ƙauyuka da dama, aka tsare itatuwa kimanin 500,000. Da rabon ya ƙare, aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Wanda ke kallon abin da aka sare zai ce aiki ya rushe. Rinaudo ya kalli waɗanda suka ƙi sarewa, don sun ga itacen girki, ganyen dabbobi, da geron da iska ba ta binne ba. Daga gare su abin ya bazu, manomi zuwa manomi. Wani abin da ya taimaka ƙwarai shi ne da jami'an gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, ba za a ci shi tara ba in ya sara. Rinaudo ya bar Nijar a 1999. Bayan shekaru, binciken Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu ƴan Nijar, da hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomin da ya farfaɗo da ramukan shuka masu tara ruwa da ake kira “zai”. Adalci ne a ƙara da cewa renon toho ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, an daɗe ana barin gawo a gona, kuma hannun manoma ne ya yi aikin hekta miliyan biyar ɗin.

Abin da dattijon ya ɗauko daga wannan tarihi bai wuce tambaya ɗaya ba: kafin ka kawo sabo daga waje, ka tsuguna ka duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarka tukuna? Sabon jigon da ɗalibin ke rubutawa dashe ne a leda. Zai sake cin wata damina, wasu raguna, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin cewa ruwa ba zai sake ɗaukewa ba.

Ƙirgar abin da ke da rai

Sun zauna wuni biyu a kan tabarma, da littafin awo, da takarda mai layi uku: abin da ke da rai, abin da ke da rauni, abin da ya mutu. Sharaɗin shi ne ba a sa komai a layin matattu sai an buɗe an gani da ido.

Abu na farko da ya shiga layin masu rai ba ya cikin littafin ma. A tsarin karatun jami'a na LMD (lisans, mastar, doktora) mastar zango huɗu ce, kowane zango maki 30, jimilla 120. Ya riga ya ci zango uku, maki 90 suna hannunsa, babu akuyar da za ta cinye su. Shekara biyun da yake cewa sun tafi, uku cikin huɗunsu a ajiye suke.

Sai filaye. Ƙauye na uku, 16 cif. Ƙauye na biyu, rukuni biyun da dabbobi ba su taɓa ba cikakku ne, kowanne da salo huɗunsa, filaye 8 ke nan. An samu 24. A nan ne ilimin ƙididdiga ya yi amfani. A teburin ANOVA, wato lissafin da ake gwada salo da salo da shi, akwai lambar da ake kira ƴancin ragowar kuskure, ita ke nuna ko gwaji yana da ƙarfin gano bambanci tsakanin salo da salo. Ƙauye na uku shi kaɗai yana ba da 9, uku sau uku. Na biyu shi kaɗai 3 ne, bai isa a dogara da shi ba. In an haɗa su a bincike ɗaya, aka ware tasirin ƙauye, da na rukuni a cikin ƙauye, da na salo, da cuɗanyar ƙauye da salo, ragowar ta zama 12, adadin da masu gwajin gona ke ɗauka a matsayin madaidaici. Sai dai kafin a haɗa dole a duba ko warwatsuwar kuskure a ƙauyukan biyu ta yi kusa da juna. In ɗaya ta ninka ɗaya sau da yawa, a bar kowanne da teburinsa. An duba da manhajar R, sun yi kusa.

Ƙauye na farko shi ne ya fi ba da mamaki. Amfanin gonarsa ya tafi, wannan babu gardama. Amma kwana goma bayan shuka, kafin mai gona ya fara cike gurabe, ɗalibin ya ƙirga gurbin da ya fito a duk filaye 16, ya rubuta, ya manta. Wannan ƙirga sahihiya ce, salo huɗu, maimaici huɗu, kuma tana nuna a fili abin da ke faruwa in taki ya taɓa iri a ƙasa mai ƙarancin danshi. Abin da ya ɗauka babban abin kunyarsa, shi ne sakamakon da manomi ya fi buƙatar ji: a sa takin a gefen rami a rufe da ɗan ƙasa kafin a jefa iri, ko a jira tsiro ya fito a sa masa a gefe.

Leda 96 ta ƙasa ta shiga layin masu rauni. Mafita ita ce a haɗa: a ɗebo daidai-wa-daida daga ledojin saman ƙasa, santimita 0 zuwa 20, na kowane rukuni da ya tsira, a gauraya, a fitar da samfur ɗaya. Rukuni shida, samfur shida, a auna tsami, sinadarin kabon da fosforas. Wannan ba zai nuna canjin da kowane salo ya kawo wa ƙasa ba, kuma gaskiya damina ɗaya da ma ba ta isa nuna hakan ba. Zai dai bayyana irin ƙasar da aka yi gwajin a kai, abin da babin kayan aiki ke buƙata ke nan. Manoma 74 sun isa a bayyana ra'ayin waɗannan ƙauyuka uku, muddin ba a ce ra'ayin jihar Maraɗi ba ne. Murzuna kuwa ta shiga layin matattu, don sau ɗaya aka ƙirga ta, a ƙauye ɗaya, kuma an makara.

Sara, da wuce gona da iri wajen sara

Da wannan takarda ya koma wurin malaminsa. An ba shi shawara kada ya fara da dogon ban haƙuri, ya gaisa, ya nemi afuwa a jimla ɗaya, ya ajiye takardar a tebur. Malami mai ɗalibai da yawa da azuzuwa ba ya iya yin komai da “Dokta, komai ya lalace”, amma yana iya aiki da shafi ɗaya mai lambobi. Zaman bai kai minti arba'in ba.

A nan ɗalibin ya yi kuskure na biyu. Da ya ɗanɗana daɗin sara, sai ya so ya sare komai ya bar manufa ɗaya tak, amfanin gona a ƙauye na uku, ya share ƙauye na farko kamar ba a taɓa zuwa ba. Masu renon toho sun san wannan: in ka tsige rassa har sama ka bar sanda tsirara, ba ta da ganyen da za ta ci da shi, iska ko akuya na iya karya ta. Malamin ya ƙi. Ya ce memuwar mai ƙauye ɗaya za ta yi siriri, kuma ɓoye abin da ya faru a gona ba hali ne na mai bincike ba. Masu jarrabawa za su tambayi ina sauran filayen da ke cikin takardar tsari. Aka tsaya a kan manufa biyu: tasirin salo huɗu a kan fitowar tsiro da yawan amfani, sai lissafin riba mai sauƙi, kuɗin taki a gefe ɗaya, kuɗin ƙarin hatsin da ya kawo a ɗaya gefen. Ra'ayin manoma ya koma ɗan sashe a cikin tattaunawa. Asarar da aka yi kuma za a rubuta ta ƙarara a babin hanyoyin aiki, da ranakunta da dalilanta.

Aka sauya tsarin rubutu. Gabatarwar da ya yi sati shida yana kokawa da ita aka ture ta ƙarshe, domin mutum ba ya gabatar da abin da bai gama sani ba. Ya fara da kayan aiki da hanyoyi, babin da ba ya buƙatar komai sai faɗin abin da aka yi. Sai tebura da zane, kowanne da sakin layi ɗaya a ƙarƙashinsa. Shafi ɗaya a rana, awa biyu da safe, kwana shida a mako. Da yake da Hausa yake tunani kuma da Faransanci ake rubutun, inda jimla ta ƙi fita sai ya ɗauki waya ya yi wa kansa bayani da Hausa kamar yana gaya wa manomi, ya saurara, sannan ya rubuta. Kowace yamma ya kwafe aikin a kile (USB), ya kuma aika wa kansa ta imel, saboda ɗaukewar wuta da ƙurar hunturu ba su san memuwar ba.

Jiki da gida

Toho ba ya girma in ba a tsare shi ba, kuma a nan abin tsarewar shi ne barci. Sinadarin da ke cikin shayi yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka kofin da aka sha sha biyun dare yana nan yana aiki har asuba. Ba a ce ya bar fada ba, don kaɗaici ya fi shayi illa ga mai irin wannan hali. An ce ya je bayan la'asar, ya bar shayi daga magariba, ya kwanta sha ɗaya, ya nemi awa bakwai ko da sai ya cika da ƙailula. An kai shi asibiti aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarancin jini, saboda kasalar bayan damina ba kullum daga zuciya take ba. Likitan ya yi masa tambayoyi kan barci, cin abinci, da ko ya taɓa jin gara ya mutu. Ya ce bai taɓa ba. An gargaɗe shi kan tramol: yana kama mutum, yana iya jawo farfaɗiya, kuma ƙarfin da yake bayarwa bashi ne.

Abin da ya fi yi masa nauyi shi ne gida. Ya je ranar Juma'a, bayan an sauko ya zauna da mahaifinsa a zaure, ya faɗi gaskiya, cewa za a ƙara wata huɗu. Tsohon ya tambayi wace rana anka yi shuka a ƙauyen farko, da aka gaya masa ya girgiza kai ya ce shi ma a shekarar sau uku ya shuka gonarsa ta tudu. Ya ce, “To mi ne na ɓoyo? Gona ce.” Sati shida yana gudun mutumin da ya fi kowa sanin abin da ruwa ke yi wa shuka. Daga ranar kuma aikin ya sauya a hannunsa. Da, yana yin sa ne don biyan raguna biyu da tsoron Dokta. Yanzu tambayar takin da ya ƙone iri ta zama tasa, yana son sanin amsarta.

Bayan wata ɗaya da rabi toho ya sake fitowa, kamar yadda ya saba. Ya ga wani aiki da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ya ce zai ƙara babi. Ya yi kwana goma yana koyon sabuwar manhaja, rubutu ya tsaya, barci ya fara lalacewa. Abin da ya kama shi a wannan karon shi ne ƙa'idar da aka kafa tun farko, ta kai wa malami abin da aka rubuta duk sati biyu, ko shafi uku ne. Malamin ya ce ya buɗe shafi a ƙarshen littafinsa ya rubuta duk sabon tunanin da ya zo, ya bar shi nan don doktora. Shafin ya cika, memuwar ta ci gaba.

Inda kwatancen bai kai ba

Ba kowane kututture ke da rai ba. A wuraren da aka tone saiwa aka yi girki da ita, ko aka daɗe ana huɗa da tarakta, babu abin da zai toho, sai an shuka ko an dasa. Haka aikin bincike. Da ɗalibin nan bai maimaita salonsa ba, ko alamomin filayen sun ɓace har ba a san wane ne wane ba, ko bai rubuta awo a ranar da ya yi shi ba, da babu dabarar ƙididdigar da za ta cece shi, kuma gaskiyar da za a gaya masa ita ce ya sake damina. Ƙirgar wuni biyun nan tana iya ƙarewa da wannan amsa, kuma ko ita ta fi zaman ɗaki cikin zato.

Haka nan tunanin wani mai ƙirƙira, komai kyansa, ba ya biyan kuɗin awon ƙasa, ba ya gyara malamin da ke riƙe babi wata uku bai karanta ba. Irin wannan sai a kai ga shugaban sashe, cikin ladabi, a rubuce. Ba ya kuma maye gurbin likita. Ɗalibin da baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya riƙe shi kusan kullum har sati biyu ko fiye, ko ya fara maganar mutuwa, asibiti za a kai shi a ranar, a bar zancen kututture sai ya samu sauƙi. A ganinmu babban haɗarin irin wannan labari shi ne a mayar da shi wa'azin haƙuri ga ɗalibi, alhali manufofi biyar ɗin da suka danne shi da sa hannun manya aka amince da su.

Ya kare kundinsa wata huɗu bayan abokansa, shafi 54. Mafi yawan tambayoyin masu jarrabawa a kan ƙauye na farko suka tsaya: nawa ne ruwan da aka yi shuka da shi, a ina takin ya zauna a ramin, me zai gaya wa manomin da ba shi da ma'aunin ruwan sama. Ya ce manomi ya tona da hannu, in danshi bai kai tsawon tafin hannu ba ya riƙe takinsa sai tsiro ya fito. Ɗaya daga cikinsu ya nemi a cire jimla biyu a tattaunawa inda ya yi magana kamar sakamakon damina ɗaya ya isa shawara ga jiha duka, aka cire. Kafin damina ta gaba ya koma ƙauyukan uku da takarda shafi ɗaya da Hausa, ya karanta wa masu gonakin abin da aka samu a filayensu, mai gonar farko ya ce a bana shi zai riƙe marfin kwalbar da kansa.